Q Biyu a Kan 9-8-4: Zubi Mai Nauyi, Zubi Kaɗan, ko Kwanton Ɓauna?

Tebur ne na mutum shida a Texas Hold'em na intanet, wato wasan kartar poker da kowa ke riƙe kati biyu a ɓoye, a buɗe biyar a ƙasa na kowa da kowa, zubin dole senti 50 da dala 1, kowa da dala 100 a gabansa. Kai ne a kan maballi, wato da zarar an buɗe katunan ƙasa kai za ka riƙa magana a ƙarshe har hannun ya ƙare. An raba maka Q♠ Q♦. Duk waɗanda ke gabanka sun yar da nasu, ka ɗaga zuwa dala 2.50, mai ƙaramin dole ya janye, mai babban dole ya amsa. A tsakiya akwai dala 5.50, kowannenku na da saura 97.50. Aka buɗe uku na farko: 9♥ 8♥ 4♣. Abokin karawarka ya wuce bai zuba komai ba. Agogo ya fara ƙirga maka daƙiƙoƙi.

A wannan lokacin kusan tabbas kai ne a gaba. Tagwayenka sun fi duk katin da ke ƙasa. Amma ka ƙirga katunan da za su iya fitowa a na huɗu. Karta 52 ce, ka ga biyar, saura 47. A cikinsu 11 masu zuciya ne, kowanne zai iya cika wa wani fulosh, wato kati biyar masu iri ɗaya. Akwai A da K guda shida waɗanda ba zuciya ba, kowanne ya fi Q ɗinka. Akwai J, 10, 7, 6 da 5 waɗanda ba zuciya ba guda 15, kowanne yana haɗa wa wani jere, wato kati biyar masu bin juna a lamba. Akwai 9 da 8 guda shida da za su mai da mai tagwaye ɗaya mai uku. Jimilla 38. Abin da ya rage tara ne kacal, kuma ko a cikin taran, Q♣ da za ta ba ka uku ita ce dai za ta cika wa mai J-10 jerensa. Katunan da za su faɗo ka ci gaba da numfashi yadda kake yi takwas ne: 2, 3 da 4 waɗanda ba zuciya ba.

Irin wannan hannu kayan gwari ne. Da safe yana da tsada, masu saye suna nan, amma kowace sa'a da ta wuce darajarsa raguwa take yi, masu sayen ma watsewa suke yi. Tambayar da ke gabanka ita ce yadda za ka sayar da shi, da nawa, da kuma lokacin da za ka yarda cewa ya lalace.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba. Wasa da kuɗin gaske caca ce, Musulunci ya haramta ta, kuma a jihohin Arewacin Najeriya da suka ɗauki shari'a tun daga 1999 laifi ce a doka. Ko a inda doka ta yarda, shafukan suna cire la'ada daga kuɗin tsakiya, a ƙananan tebura yawanci wajen kashi 5 cikin 100 zuwa wani iyaka, shi ya sa mafi yawan masu wasa asara suke yi idan aka daɗe. Lissafin da ke ƙasa bai canzawa ko a teburin kuɗin wasa ne, inda ba a cin ko sisin kowa, kuma wasu manyan shafuka suna da irin waɗannan tebura.

Me yake riƙe da shi?

Kafin a kwatanta hanyoyi sai an san wanda ake wasa da shi, ba fuskarsa ba, tunda a intanet babu fuska, sai dai tarin hannayen da zai iya amsa dala 2.50 da su daga kujerar babban dole. A biyu da K biyu yawanci da ya sake ɗagawa tun farko, don haka a ajiye su gefe. Waɗanda suka fi ka yanzu su ne 9 biyu, 8 biyu da 4 biyu, kowanne yana iya haɗuwa ta hanya uku, tara ke nan, sai 9-8 da ke haɗuwa ta hanya tara. Wajen 18. Ko ka ƙara 9-4 da 8-4 masu iri ɗaya, ba su wuce 22 ba.

Yanzu ɗaya ɓangaren. A-9, K-9, J-9 da 10-9 kowanne hanya 12 ne, 48 ke nan. J-10 da 7-6, masu jiran jere ta baki biyu, kowanne hanya 16. Mun kai 80, alhali ba mu ƙirga masu 8 ba, ba mu ƙirga 10 biyu da J biyu ba, ba mu taɓa masu zuciya biyu ba. Duk waɗannan suna bayanka, kuma kusan babu wanda zai yar da katinsa a zubi na farko. Wannan ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa: a kan kowane hannu ɗaya da ya fi naka, akwai fiye da huɗu da ka fi, masu shirin biyanka.

Sai dai ba duka ne ka fi da tazara ɗaya ba. A kan A♣9♣ kana da wajen kashi 75 cikin 100. A kan 7-6 maras zuciya, wajen biyu bisa uku. A kan A♥5♥, mai jiran zuciya tara da A uku, rabonka ya sauko zuwa wajen 55. A kan J♥10♥ kuwa kusan raba-daidai ne. In kuma ya riga ya haɗa uku, kana da Q biyu kacal da za su cece ka, wajen kashi 10.

Hanya ta farko: ka wuce, ka yi kwanto

Masu son wannan hanya hujjarsu biyu ce. Suna cewa idan ka yi shiru abokin karawa zai ɗauka ba ka da komai, ya yi maka burga a kati na huɗu, ka kama shi. Suna kuma cewa kuɗin tsakiya ba zai kumbura ba, in kati mara kyau ya faɗo asararka kaɗan ce.

Hujja ta biyu gaskiya ce, amma dubi farashinta. A ce za ka riƙa zuba kashi uku cikin huɗu na abin da ke tsakiya. In ka fara tun yanzu: dala 4, tsakiya ta zama 13.50, dala 10, ta zama 33.50, dala 25 a katin ƙarshe. Mai A-9 da ya bi ka har ƙarshe ya biya dala 39. In ka wuce yanzu ka fara a kati na huɗu: dala 4, sannan dala 10. Dala 14. Zagayen da ka bari ba dala 4 kawai ya ci maka ba, ya ci maka zubi mafi girma, na ƙarshe, domin kowane zubi a kan wanda ya gabace shi yake hawa.

Akwai kuma asarar da mutane ba su cika gani ba, wadda ni na fi damuwa da ita fiye da tsoron a wuce ka. Katunan nan 38 ba kai kaɗai suke tsoratarwa ba. Mai 10-9 da zai ba ka dala 4 da murna a yanzu, in K♥ ta faɗo ba zai ƙara ba ka ko senti ba. Kai ma ba za ka iya nema ba. Ka yi kwanto ka jira, ga shi wanda kake jira ya gudu, kuma ba don ya fi ka ba. Yawancin lokacin da kati mai ban tsoro ya fito, har yanzu kai ne a gaba, amma kasuwar ta tashi.

Game da burgar da ake fata, wanda zai yi maka ita a kan wannan buɗi yawanci mai jiran wani abu ne, kuma shi da ma zai biya in ka zuba. Ka ba shi kati kyauta don ya yi abin da zai yi ko ba kyauta.

Kwanto yana da gurbinsa. Da kana riƙe da K biyu aka buɗe K♣ 7♦ 2♠, babu jere, babu fulosh, babu katin da zai ba ka tsoro, kuma ka riƙe yawancin katunan da za a biya ka da su. A nan jinkiri yana ba abokin karawa damar ya samu ɗan abin da zai riƙe. A kan 9-8-4 mai zuciya biyu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa.

Hanya ta biyu: zubi kaɗan

Dala 1.80, sulusin abin da ke tsakiya. Wannan ya zama yayi a teburan intanet, har wasu suna danna shi a kan kowane buɗi ba tare da sun duba ba. Yana da amfani na gaske: yana korar hannaye irin K-5 ko A-3 marasa komai, waɗanda ke da kati uku da za su wuce ka da su, kuma yana jawo raunanan hannaye kamar 5 biyu ko A-4 su biya.

Matsalar a farashi take. Wanda zai biya 1.80 don ya ci 7.30 yana buƙatar ya yi nasara kashi 20 cikin 100 kawai. Mai jiran fulosh yana da kati tara cikin 47, kashi 19 a kati na gaba, kashi 35 in zai ga biyun duka. Ka sayar masa da katin kusan a kan kuɗinsa, ga kuma abin da zai ci daga baya in ya samu. Mai 9 a hannu kuwa, wanda zai biya dala 4 ba gardama, ka karɓi ƙasa da rabi a wurinsa. Zubi kaɗan kuma yana gayyatar ƙari: ɗan wasa mai zafi yana ganinsa a matsayin rauni, ya ɗaga ka da hannaye masu yawa, ka shiga duhu da wuri.

Daga ina wannan yayi ya fito? Daga manhajojin lissafi irin PioSOLVER, da ta fito a 2015, waɗanda suka nuna cewa a kan busassun buɗi kamar A-7-2 ko K-8-3 marasa haɗi, wanda ya ɗaga tun farko zai iya zuba kaɗan da kusan duk hannayensa. Mutane suka riƙe rabin darasin. Ɗaya rabin shi ne a kan buɗi masu haɗi da ƙananan kati, waɗanda suka dace da hannayen mai amsawa, manhajojin suna rage yawan zubi, amma in za su zuba sai su zuba da nauyi. 9-8-4 na cikin wannan rukuni. Nazari da waɗannan manhajoji bayan an tashi daga wasa halal ne a dokokin shafuka, amma buɗe su ana cikin hannu yana jawo a rufe asusun mutum.

Hanya ta uku: zubi mai nauyi

Dala 4, wajen kashi uku cikin huɗu. Yanzu yana buƙatar kashi 30 cikin 100, alhali katin gaba kashi 19 yake ba mai fulosh, kashi 17 mai jere ta baki biyu. Mai 9 zai biya, mai 10 biyu zai biya, masu jira za su biya, domin kusan babu mai yar da zuciya biyu a buɗin farko. Abin da ka rasa shi ne kuɗin 5 biyu da makamantansu, kuma su da ma ba za su wuce zagaye ɗaya ba.

Wannan ita ce hanyar da nake zaɓa, kuma ina so a gane dalilin, domin dalilin ne zai jagorance ka a sauran hannun. Mutane da yawa suna zuba da nauyi don su kori mai jira, har ka ji suna fushi in ya amsa. Amsawarsa ita ce ribarka. Kana zubawa ne don waɗanda ka fi su biya tun suna da sha'awar biya. In sun gudu ka ɗauki 5.50, ba laifi, amma ba shi ne abin da kake nema ba.

To me zai hana a zuba fiye da abin da ke tsakiya, dala 8 ko 10? Ba haramun ba ne a dabara. Libratus, manhajar jami'ar Carnegie Mellon da ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000 a Pittsburgh a farkon 2017, ta yi suna da irin waɗannan manyan zubi. Amma da Q biyu a nan, yawan nauyin yana tace maka abokan ciniki ta hanyar da ba ka so: masu 8 da raunanan 9 su fita, a bar ka da masu uku, masu 9-8 da manyan masu jira. Sai dai in ka lura mutumin ba ya yar da komai. Irin wannan, ka ƙara masa farashi har inda zai iya ɗauka.

Akwai sharaɗi a kan zubi mai nauyi wanda in babu shi duk lissafin ya rushe. Mai fulosh da ya biya dala 4 yana buƙatar ya ci wajen dala 17 duk lokacin da ya samu, kafin ya fita kunya. A tsakiya akwai 9.50. Saura wajen 7.50, kuma daga aljihunka kaɗai za su fito. Idan zuciya ta uku ta faɗo ka ba shi dala 10, sannan 25, to amsawarsa ta farko daidai ce, kai ka mai da ita daidai. Zubinka yana zama kuskure a gare shi ne kawai idan ka iya riƙe hannunka bayan katinsa ya zo. Wanda ya iya zuba da ƙarfi amma bai iya tsayawa ba, rabin aikin ya koya, kuma rabin da ya fi sauƙi.

Idan ya ɗaga ka

Ka zuba 4, ya mayar da shi 14. A nan ne ake asarar dala 100 a daƙiƙa biyar, don haka a tsaya a duba hanyoyin uku.

Yar da kati ya yi wuri. Za ka biya 10 don ka ci 23.50, kana buƙatar kashi 30. Ɗan wasa na yau da kullum yana wannan ƙari da uku da 9-8, amma yana yi da J♥10♥, da 7♥6♥, da A♥ mai rakiyar zuciya, wani lokaci da J-10 kawai. A kan wannan tarin kana da abin da ya isa. Banda ɗaya: mutumin da ka daɗe kana gani yana amsawa kawai, bai taɓa ɗagawa ba sai da abin kirki. In shi ne, yar da Q biyu ba tsoro ba ne, karatu ne.

Tura duka yana da daɗi a zuciya, domin yana kawo ƙarshen tunani. Amma ka duba wanda zai amsa. Za ka ƙara 93.50 don tsakiyar da za ta kai 200.50, kana buƙatar kusan kashi 47 in an amsa. A ce masu amsawa su ne masu uku, hanya tara, kana da kashi 10 a kansu. 9-8 mai iri ɗaya, hanya uku, kana da wajen kwata. Da manyan masu jira hanya shida, raba-daidai. In ka haɗa, rabonka bai kai kashi 30 ba. Raunanan hannayen da kake so su zauna sun gudu, waɗanda suka zauna ko sun fi ka ko kun yi kunnen doki. Da saura mai yawa haka a baya, tagwaye ɗaya ba hannun tura duka ba ne, ko da Q ne.

Amsawa ita ce ta fi. Kana da kujerar baya, za ka ga abin da zai yi a kati na huɗu kafin ka yi naka. In 2♠ ta faɗo ya sake zubawa daidai misali, ka sake amsawa ga mai zafi, ka yi tunani sosai ga mai sanyi. In 7♥ ta faɗo ya zuba da ƙarfi, babu abin da ya rage da ka fi sai ƙalilan, ka bar masa.

Kati na huɗu da na ƙarshe

Mu koma inda ya amsa dala 4 kawai, tsakiya 13.50. In ɗaya daga cikin takwas ɗin nan masu sanyi ya fito, ka zuba dala 10 ba jinkiri. Yanzu kati ɗaya ya rage masa, tara cikin 46, kuma farashin kashi 30 ne. Wannan zagayen ne mai jira ya fi yin asara a cikinsa, kuma shi ne wanda 'yan wasa masu tsoro suka fi bari ya wuce.

Sauran katunan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma kuskure ne a ɗauke su duka a matsayin masifa. 5 ko 6 maras zuciya hannaye kaɗan yake cikawa, ka ci gaba da zubi. A ko K maras zuciya ya fi tsoratar da shi fiye da kai, tunda kai ne ka ɗaga tun farko kuma hannayenka sun fi nasa yawan manyan kati. Zubi matsakaici ko wucewa duk suna da hujja, ni na fi wucewa a kan A saboda A-9 da A-8. 10 da 7 su ne miyagu: 10 tana cika 7-6 da Q-J, ta ba 10-9 tagwaye biyu, ko da yake kai ma ta buɗe maka ƙofar J, 7 tana cika J-10 da 6-5. A kan waɗannan da kan zuciya, in ya wuce ka wuce, ka shirya amsa zubi ɗaya mai sauƙi a ƙarshe, ba biyu ba.

A katin ƙarshe masu jiran da ba su samu ba ba za su biya komai ba, saura masu 9, 10 biyu da J biyu. Rabin tsakiya ya ishe su. In ka zuba ya ɗaga, a ƙananan tebura wannan ƙarin kusan kullum gaskiya yake faɗa.

Abubuwan da ke juya hukuncin

Girman tagwayen. Da A biyu ne a hannunka, A da K ɗin nan shida sun fita daga jerin barazana, don haka in dole sai ka yi kwanto da wani babban hannu lokaci-lokaci don kada a karance ka, A biyu ya fi dacewa. 10 biyu da J biyu sun fi Q buƙatar zubi da wuri. Tun kafin buɗi ma haka abin yake: mai J biyu zai ga katin da ya fi nasa a ukun farko wajen kashi 57 cikin 100, mai Q wajen 41, mai K wajen 23. Riƙe Q♥ ma yana sassauta lamarin, domin ka rage masa zuciya ɗaya, kuma in huɗu suka jeru a ƙasa kana da taka.

Yawan abin da ya rage a baya idan aka kwatanta da tsakiya shi ne ya fi komai juya amsar tura duka. A misalinmu 97.50 ne a kan 5.50, kusan ninki 18. Da wani ne ya fara ɗagawa zuwa 2.50, ka mayar da shi 9, ya amsa, tsakiya za ta zama 19.50, saura 91, ƙasa da ninki biyar. A can 9-8 da 4 biyu sun ragu a hannunsa, 10 biyu da J biyu sun yawaita, kuma zubi biyu sun isa su kai ka ga duka. Q biyu a kan wannan buɗin a irin wannan tsakiya hannu ne da za ka tafi da shi har ƙarshe ba tare da nadama ba. Haka in abokin karawar dala 30 kawai ya zauna da ita.

Yawan mutane. A biyu yana cin hannu ɗaya da ba a zaɓa ba kashi 85 cikin 100, hannu biyu wajen 73, kuma haka yake ta sauka. Idan mutum uku suka ga 9-8-4 tare da kai, zubi yana nan wajibi, domin kati kyauta ga mutum uku ya fi muni, amma ƙari daga ɗayansu, musamman bayan wani ya amsa, ya fi nauyi nesa ba kusa ba. A nan yar da Q biyu abu ne na yau da kullum.

Kujera. Da kai ne za ka fara magana, wucewa ta ƙara daraja, domin akwai wanda zai iya zubawa a bayanka ka amsa ko ka ɗaga shi. A kan maballi, in ka wuce, zagayen ya rufe, katin ya fito kyauta.

Sannan a tuna wannan wasan kuɗi ne, ba gasa ba. A gasa in guntayenka suka ƙare ka fita, shi ya sa wani lokaci ake barin ƙaramar riba don a tsira. A teburin kuɗi kowace dala dala ce, in ta tafi ana iya sake saye, don haka hukuncin da ya fi riba a lissafi shi ne daidai ko da zai faɗi sau uku cikin goma. Wannan yana aiki ne kawai ga wanda dala 100 ɗin ba ta tsaye masa a wuya ba. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce mutum ya riƙe aƙalla ninki 20 zuwa 30 na abin da yake zama da shi. Wanda ya zauna da kuɗin da yake tsoron rasawa zai wuce inda ya kamata ya zuba 10, kuma zai tura duka inda ya kamata ya amsa, don kawai ya huta da fargaba.

Intanet tana ƙara nata. A teburan gaggawa irin Zoom na PokerStars ko Rush & Cash na GGPoker, ana canza maka abokan zama a kowane hannu, kuma tunda yar da kati ba ya sa jira, mutane sun fi zuwa da hannaye masu kyau; ƙari a can ya fi cancantar a girmama shi. Inda shafi ya yarda da manhajar ƙididdiga, ka duba yawan hannayen da mutum yake shiga da yawan waɗanda yake ɗagawa: mai shiga 45 cikin 100 yana ɗaga 8 shi ne wanda za ka zuba wa da nauyi sau uku, kuma shi ne wanda za ka yar wa kati ranar da ya ɗaga. Amma hannu 20 ko 30 ba su isa a yanke wa mutum hukunci ba. Wanda layinsa ke yankewa kuma ya sani cewa in lokaci ya ƙare ana cikin babban hannu, yawancin teburan kuɗi yar masa da katin za su yi, abin da ya zuba ya tafi. Da irin wannan layi, tebur ɗaya ko biyu sun isa, kuma ajiyar lokacin da shafin ke bayarwa a tanade ta don wurin da aka mayar da dala 4 ɗinka 14.